TUNKUN JUDA DA GAHAWA MAI TSADA

In baƙo ya sauka a Kambaza, cikin ƙasar Gwandu ta Jihar Kebbi, da ruwa a kan fara tarbarsa, sa'an nan a kawo fura ko kunu, in da safe ne kuwa a kawo shayi. Baƙon nan ba ya tambayar kome kafin ya sha, gama ya san gero, ya san nono. Amma duniya da faɗi ta ke, kowace ƙasa da irin abin shanta. Akwai wata ƙasa can gabas mai nisa inda a kan miƙa wa baƙo gahawa a ɗan ƙaramin kofi, a ce masa tana cikin waɗanda suka fi tsada a duniya. Abin mamaki, 'ya'yan gahawar nan sai da suka bi ta cikin cikin wata dabba suka fito tukuna. Dabbar kuwa 'yar'uwar tunkun juda ce.

Mece Ce Gahawa?

Gahawa, wadda waɗansu ke kira kofi, 'ya'yan wani ɗan itace ne. Asalin itacen daga ƙasar Habasha ya ke. Daga can ya ƙetare teku zuwa Yaman, inda Larabawa suka fara shanta sosai tun ƙarni na 15. Itacen yana son ruwan sama mai yawa da wuri mai sanyi, shi ya sa ba a nomansa a ƙasar Gwandu. A Nijeriya sai a wurare kamar tsaunin Mambila a Jihar Taraba.

In aka dasa itacen, ya kan yi shekara uku ko huɗu kafin ya fara 'ya'ya. 'Ya'yan ƙanana ne kamar na magarya, kore shar da fari, in sun nuna su yi ja. Cikin kowane ɗa akwai ƙwaya biyu, kowace da ɗan ɓawonta mai tauri. Ƙwayoyin nan a ke shanyawa, a soya su har su yi baƙi-baƙi, a niƙa, a zuba wa garin tafasasshen ruwa. Abin da ke hana mai shan gahawa barci shi ne kuma ke cikin goro da ganyen shayi.

Tunkun Juda

Maharba na ƙasar Hausa sun san tunkun juda. Ya fi kyanwa girma ƙwarai, gashinsa toka-toka da ɗigo-ɗigon baƙi, yana da baƙi kewaye da idanu, da geza a bisa gadon baya. Da rana ya kan ɓuya cikin ciyawa mai duhu kusa da ruwa, da dare ya fito neman abinci. Yana cin 'ya'yan itace, da ƙwari, da ɓeraye, da ƙadandoniya. Yana da wata al'ada, watau wuri guda ya kan zaɓa ya riƙa yin kashinsa kullum.

Ƙarƙashin wutsiyarsa akwai wata 'yar jaka, inda wani maiƙo ya ke taruwa, mai kama da man shanu. Shi ne juda, ko jibda. In an shaƙe shi zallansa yana da ƙarfi har ya ɗaga wa mutum hankali, amma in an ɗiba kaɗan an gauraya da wani turare, sai ƙanshin ya yi daɗi, ya kuma daɗe a riga.

Mutanen dā sun yi kiwonsa saboda wannan. A shekarar 1824 wani Bature matafiyi, sunansa Clapperton, ya zo Sakkwato a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya rubuta cewa Atiku, ƙanen Sarkin, yana da tunkun juda har 200. A cikin kejin itace a ke ajiye su, a riƙa ba su dunƙulen garin dawa da busasshen kifi, kowane kwana biyu kuma a kankare judar da safe. Har yanzu a ƙasar Habasha ana wannan kiwo, a kan tara judar cikin ƙahon sa. Amma yanzu masana sun gano yadda za su haɗa irin wannan ƙanshi ba tare da dabbar ba, saboda haka yawancin masu yin turare sun koma ga na haɗi.

Tafiya Zuwa Indunisiya

To, a ce wani ɗan kasuwa ya tashi daga Kambaza zai tafi Indunisiya. Zai shiga mota zuwa Kano, ya hau jirgin sama, ya sake wani jirgin a hanya, kana ya isa Jakarta, babban birnin ƙasar. Indunisiya ƙasa ce ta tsibirai fiye da 17,000, mutanenta sun wuce miliyan 270, yawancinsu Musulmi ne. Daga Jakarta in ya ƙara gaba gabas sai ya kai tsibirin Bali, inda baƙi masu yawon buɗe ido ke yawan zuwa. Nisan wurin ya kai, in rana ta take tsaka a Kambaza, a Bali ƙarfe bakwai ne na dare.

A Bali za a kai shi wata gonar gahawa. Can zai ga wata dabba cikin keji, sai ya ce a ransa, "Ashe tunkun juda har nan ya zo!" Ba shi ba ne, ɗan'uwansa ne. Mutanen ƙasar suna kiransa luwak. Bai kai na ƙasar Hausa girma ba, nauyinsa daga kilo 2 zuwa 5 ne, wutsiyarsa doguwa, gwanin hawan itace ne kuma.

Da dare luwak ya kan shiga gona, ya hau itacen gahawa, ya zaɓi 'ya'yan da suka nuna sarai ya haɗiye. Naman 'ya'yan ya narke a cikinsa, amma ƙwayar ba ta narkewa, saboda ɓawon nan nata mai tauri. Bayan kamar yini da kwana sai ƙwayoyin su fito cikin kashinsa a cure. Manoma su bi su tsince, su wanke da kyau, su shanya, su ɓare ɓawon, su soya. Ita ce gahawar da su ke kira kopi luwak.

Yadda Abin Ya Faro

Turawan Holan ne suka kai itacen gahawa tsibirin Jawa wajen shekarar 1696, lokacin da su ke mulki a can. Daga 1830 suka tilasta wa talakawa noman abubuwan da za a kai Turai a sayar. An ce manoman nan ba su da iznin tsinkar gahawa don kansu, ga shi kuwa suna so su ji ɗanɗanon abin da su ke wahala a kansa. Sai suka lura da ƙwayoyin da luwak ya bari a ƙasa, suka kwashe, suka wanke, suka dafa. Ashe abin da talaka ya fara sha don rashi, shi ne ya zama na masu kuɗi daga baya. A zamanin nan kilo guda ya kan wuce dalar Amurka 100, wadda aka tsinto a daji kuwa ta fi haka nesa.

Tambaya Uku

Ga kofi a gaban mutumin Kambaza, yana ta tururi. Kafin ya kai baki, akwai tambaya uku da ya kamata ya yi, gama matambayi ba ya ɓata.

Ta fari, "Abin nan mai tsarki ne?" Mutanen Indunisiya ma sun yi wannan tambaya. A shekarar 2010 Majalisar Malaman ƙasar ta zauna ta duba al'amarin. Ta ce in ƙwayar ta fito lafiya lau, da taurinta, yadda in an shuka ta za ta tsiro, to, ita kanta ba najasa ba ce, najasa ce ta taɓa ta. In an wanke ta sarai ta tsarkaka, ya halatta a sha. Wanda ransa bai kwanta ba, ba laifi ya ce ya gode, ya nemi shayi.

Ta biyu, "Da gaske ta fi sauran daɗi?" A shekarar 2004 wani malamin jami'a a ƙasar Kanada, Massimo Marcone, ya auna ƙwayoyin. Ya ga ruwan cikin dabbar ya kan ratsa ƙwayar ya sāke ta kaɗan, har ɗacinta ya ragu. Ya kuma gwada da waɗansu ƙwayoyi da tunkun juda na Habasha ya haɗiye. Saboda haka in baƙon ya kurɓa, zai ji ba ta da ɗaci ƙwarai, tana da laushi a harshe, da ɗan ƙanshi kamar na ƙasa in an yi ruwan fari. Amma da yawa cikin gwanayen ɗanɗanon gahawa sun ce ba ta fi gahawa mai kyau ta gona ba. Labarinta a ke saye, da wuyar samunta. Ban da haka, saboda tsadar, maha'inta su kan zuba gahawar banza a fakiti su rubuta mata sunan luwak.

Ta uku ita ce mafi nauyi, "Yaya aka samo ta?" Da luwak yana yawonsa a daji, kaɗan a ke samu. Da baƙi suka yi ta nema, sai mutane suka shiga kama dabbobin suna kullewa a keji. Dabbar da ta saba cin abinci iri iri, aka koma ɗura mata 'ya'yan gahawa. Dabbar da ke barci da rana, aka ajiye ta a sarari don baƙi su ɗauki hotonta. Sai ka ga ta rame, gashinta yana zubewa, tana ta kai da kawowa cikin keji. A shekarar 2016 waɗansu masana suka ba da labarin gonaki 16 da suka duba a Bali, inda a ke tsare da luwak kusan 50. Ba su sami gona ko ɗaya da ke kula da dabbobin yadda ya kamata ba. Gahawar keji kuma ba ta kai ta daji kyau ba, domin a daji dabbar ce ke zaɓen 'ya'yan da suka nuna, a keji kuwa abin da aka zuba mata shi za ta ci.

Akwai wani Bature ɗan kasuwa, Tony Wild, wanda ya kai gahawar nan Ingila a 1991. Da ya ga abin da cinikin ya jawo wa dabbobin, sai ya yi nadama. A 2013 ya fito fili yana roƙon mutane su daina saye.

Abin Lura

Mutumin Kambaza ya iya sha, ya kuma iya bari, zaɓi nasa ne. Amma in ya waiwaya ya ga dabbar nan a takure cikin keji, ya sani kuɗin da zai biya su ne za su sa a kamo wata gobe. In masu saye suka daina, masu kamu ma za su daina.

Ba sai an je Bali a ke gamuwa da irin wannan ba. Yaron da ya ga ana sayar da ɗan tsuntsu a ɗaure a kasuwa, ko wani abin sha a kwalba mai ado wanda ba a san abin da ke ciki ba, shi ma tambayoyin nan uku suna gabansa. Tsadar abu ba ita ce kyansa ba. Tafiya mabuɗin ilmi ce, amma ga wanda ya buɗe ido ya yi tambaya.

Tambayoyi

1. Daga wace ƙasa asalin itacen gahawa ya ke? Don me ba a nomansa a ƙasar Gwandu?
2. Mece ce juda, me kuma a ke yi da ita?
3. Me Clapperton ya rubuta game da tunkun juda a Sakkwato?
4. Faɗi yadda a ke samun kopi luwak, daki-daki.
5. Don me gahawar keji ba ta kai ta daji kyau ba?
6. Waɗanne tambayoyi uku ya kamata baƙo ya yi kafin ya sha?