Ɗumkin tuhwa mai roba: don mi zare ke tsinkewa?



Yau duk kasuwar da ka shiga, Madawa ko Tunfafi, Buza, Keita ko Tamaske, kana ganin tarin rigunan tirko da wandunan yara masu roba. Wasu sababbi ne, wasu gwanjo, wanda muke ce ma bosho. Ƴan cin rani ma suna komowa da su daga Najeriya da Abijan. Suna da araha, suna da daɗin sawa wajen aikin gona da na garka.

Amma in riga ta yi ma yaro yawa, ko ta yage, anka kai ta ga tela, nan rigima ke hwarawa. Tela shi ɗumka, a biya shi. Yaro na sa kai cikin wuyan riga, sai ka ji tas! tas! zare ya tsinke. Mai riga shi ce tela ya cuce shi. Tela shi ce keke ya lalace, shi kwashi kuɗɗi shi kai ma mai gyara. Alhali sau da yawa keke lahiya lau shike. Ba a san halin tuhwar ba ne.

Saƙa iri biyu ce

Atamhwa da shadda, saƙarsu irin ta masaƙanmu ce: zaren tsaye da zaren kwance suna gittawa. In ka ja su, ba su jawuwa sosai.

Tirko ba haka shike ba. Zare guda ne ake saƙawa zarge cikin zarge, kamar sarƙa. In ka ja, zargen shi buɗe. In ka saki, shi koma. Wasu tuhwahi kuma ana sa musu zaren roba tun wurin saƙa. Wannan zare an ƙirƙiro shi ƙasar Amurka cikin 1958, ga kamhwanin DuPont. Shi ne ake ce ma Lycra.

Keken ƙahwa da telolinmu ke aiki da shi ya girmi wannan zare nesa. Isaac Singer ya hiddo nashi tun 1851. Butterfly da ake kawowa daga ƙasar Sin, aikinshi iri ɗaya ne da na Singer. Zaren bisa da zaren kwarkwaro suna ƙullewa tsakiyar tuhwa, su yi layi miƙaƙƙe. Wannan layi ba shi jawuwa. Tuhwa na jawuwa, ɗumki ba shi jawuwa: dole ɗaya shi bari, kuma zare ne ke bari.

In keke na tsallake

Wani lokaci allura na shiga tana hita, amma ɗumki bai kama ba. Ga dalili. Sa'ad da allura ta hwara komowa bisa, zare na yin ɗan zarge can ƙasa, bakin ƙoshiya shi kama shi. Tirko shina da taushi, shina bin allura bisa. Zargen ba shi buɗewa, ƙoshiya ta wuce hannu banza.

Ga abin da za a duba, bi da bi:

1. Allura. A sa sabuwa. A tura ta bisa har ta tsaya. Gehen da ke da dogon kwari shi dubi wajen da zare ke shigowa.

2. Irin allura. Akwai allura mai dunƙulallen baki, wadda anka yi don tirko. Ita ba ta yanke zaren saƙa, tsakaninsu take ratsawa. Mai tsini sosai tana huda ƙananan ramu, bayan wanki biyu su zama yaga.

3. Lambar allura. Tana rubuce ga takardar da anka kumsa ta. Tirko mara kauri na son 75/11 ko 80/12. Mai kauri na son 90/14. Lamba 100/16 ta kaki ce da tuhwa mai ƙarhi. Wanda ya iya karatun lamba, ba a ba shi wata a ce ita ce.

4. Takarda. In har yanzu shina tsallake, a shimhiɗa takarda mara kauri ƙarƙashin tuhwa, a ɗumka tare. In an gama, a yage takardar sannu.

In zare na tsinkewa ga jiki

Zaren auduga ba shi bada kai ko kaɗan. A nemi zaren poliyesta, wanda wasu ke ce ma na leda. Shi shina ɗan jawuwa. Zaren da ya daɗe cikin rana bisa tebur ya riga ya mutu. A gwada shi da hannu: in ya tsinke ba wuya, a aje shi.

Bayan haka a sassauta zaren bisa kaɗan, da ɗan ƙarhen nan da ake murɗawa gaban keke. Sa'ad da ake ɗumki, a riƙe tuhwa gaba da baya, a ɗan ja ta daidai wa daida. In an saki, tuhwa ta koma, ɗumki shi samu sarari. A yi layi biyu kusa da juna wurin da ke shan wahala, kamar hammata da tsakar wando.

Wanda kekenshi ke yin zigizag, shi ya huta. Ƙaramin zigizag na jawuwa tare da tuhwa. Amma kada mai keken ƙahwa na miƙaƙƙen ɗumki shi sa allura mai baki biyu. Ramin ƙarhen ƙasa ƙarami ne, allura za ta buga shi ta karye.

In bakin riga ya yi lanƙwashe-lanƙwashe kamar ganyen salati, an ja shi da yawa ne, ko ƙahwar keke ta danne shi da ƙarhi. A sassauta dannin daga bisan keke, a rage ja.

Zaren roba na kwarkwaro

Mata na son rigunan ƴan mata masu tattara ga ƙirji ko ga ƙugu. Da zaren roba ake yin su. Ba a sa shi ga allura. Kwarkwaro kaɗai ake naɗa ma shi, kuma da hannu, ba tare da an ja shi ba. Bisa a bar zare na kullum. A buɗe takin ɗumki shi yi tsawo, kamar milimita 3 ko 4. Layi na hwarko ba shi tattara sosai, sai an yi uku ko huɗu. In an gama, a ƙulle bakin zaren da hannu.

Akwai ƙanƙanen noti ga ƙoshiya mai riƙe zaren ƙasa. Kada a yi ta murɗa shi barkatai. Garin neman gira akan rasa ido. Wanda ke yawan aikin roba, shi sayi ƙoshiya ta biyu, shi aje ta don wannan aiki kaɗai.

Keken kalmasa mai allura biyu

Ku juya bakin rigar tirko sabuwa ku duba. Waje, layi biyu ne jere. Ciki kuwa, zare ne ya yi sarƙa tsakaninsu. Wannan aikin wani keke ne na wuta, wanda masana'antu ke kalmasa da shi. Shina da allura biyu ko uku. Ba shi da kwarkwaro, ƙugiya gare shi ƙasa mai saƙa zaren. Shi ya sa ɗumkinshi ke jawuwa.

Yaranmu da ke tahiya koyon ɗumki manyan birane suna iya gamuwa da shi. Ga ƙugiyar akan sa wani zare mai laushi kamar gashin tunkiya, mai jawuwa. In an ɗaure shi kamar zare na kullum, tuhwa ta tattare tsakanin layukan biyu, ta yi tudu kamar kunya. Maganin shi ne a sassauta zaren ƙugiya. A ɗaga ƙahwar keke kahin a zura zare, don shi zamna wurinshi. Allurai su zama lamba ɗaya. A gyara abu guda, a gwada, kana a taɓa wani.

Wannan ɗumki shina da aibi ɗaya da ya kamata kowa shi sani. In zare ya leƙo ga bakin riga anka ja shi, kalmasar duka na iya warwarewa. Kada a ja. A ƙulle shi, a yanke saura.

Tsabtar keke

Ƙurar hunturu da gashin tirko suna taruwa ƙarƙashin haƙoran keke da cikin gidan ƙoshiya. A share su da ɗan buroshi ko gashin kaza. A ɗiga man keke. Man gyaɗa ba na keke ba ne: shina daskarewa, shi kama ƙura. In an tashi aiki, a ruhe keke da zane.

Ga masu kai ɗumki

Kada ku bari sai jajibirin salla. Tela mai gaugawa ba shi da lokacin gwaji. Ku roƙe shi shi hwara gwadawa ga ƙyallen da ya rage. In ya ba ku riga, ku ja ɗumkin sannu gabanshi. In bai yi ƙara ba, ya yi. Wadda ke ɗumki da hannu gida, ta riƙa komawa baya ga kowane taki, kada ta ɗaure zare tamau.

Zahi shi ne magabcin roba. Kada a bar kaya masu roba su wuni cikin rana bisa danga, kada a ɗora musu dutsen guga mai wuta sosai.

Ƴan uwa teloli, kahin ku ɗauki keke zuwa wurin mai gyara, ku duba allura, ku duba zare, ku duba ɗauri. Kuɗɗin allura bai kai kuɗɗin riga ba, kuma bai kai mutuncinku ga masu kawo muku aiki ba. Wanda ya karanta wannan, shi karanta ma telan garinsu.

Allah shi sa ma sana'a albarka.