Dala ta Gaskiya da Dala ta Jabu: Abin da ya kamata mai azurfa ya sani

A ƙasar Arewa, daga Matankari zuwa Dogon Dutsi, har Tibiri da Kore Mairuwa, ana samun gidajen da har yanzu suke ajiye da tsofaffin kuɗin azurfa. Waɗansu an huda su an yi abin wuya, waɗansu maƙeri ya mai da su zobba, waɗansu kuwa suna ƙulle cikin tsumma a gindin adaka. Ga mace, wannan azurfa ado ce kuma ajiya ce, wadda ake fitarwa ranar da rumbu ya ƙare, kamar yadda aka gani a farin 1973 da na 1984. A irin wannan rana ne jabu yake tona asirin gida, domin mai saye ba ya biyan kuɗin azurfa a kan darma.

Mafi shahara cikin waɗannan kuɗi ita ce dalar Mariya Tereza, sarauniyar ƙasar Otirishi, wadda ta rasu a 1780. Fatake ne suka ƙetaro Sahara da ita. Lokacin da Bature matafiyi Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canjin dala ɗaya a kan wuri 2,500. Bayanta sai azurfar Faransa mai tamma 5, wadda ta yaɗu a zamanin mulkin mallaka. Shi ya sa har yau mutumen Nijar yake kiran tamma 5 dala. Akwai kuma sulen Ingilishi da ya riƙa shigowa daga wajen Sakkwato.

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne, shekarar da aka rubuta a jikin dala ba shaidar tsufanta ba ce. Duk dalar Mariya Tereza da aka buga bayan rasuwarta tana ɗauke da 1780, ko a birnin Biyana aka buga ta, ko a Roma, Landan, Paris ko Bombai. Saboda haka dala iri uku ce: tsohuwa ta gaskiya, sabuwa ta gaskiya, da jabu. Biyun farko duk azurfa ce; ta ukun ita ce asara.

Babban mashaidi shi ne sikeli. Dalar Mariya Tereza tana da nauyin giram 28 da ɗan ɗoriya, faɗinta wajen milimita 40, kuma kashi 833 cikin 1,000 na jikinta azurfa ce. Ta Faransa giram 25 ce, faɗinta milimita 37, azurfarta kashi 900. Tagulla da kuza ba su kai azurfa nauyi ba, don haka in jabun da aka yi da su ya daidaita a faɗi da kauri, sai ya gaza a sikeli. Amma dalar da aka huda, ko wadda ta daɗe a hannu, takan rage kaɗan, wannan kuwa ba aibu ba ne.

Na biyu shi ne amo. In aka ɗora dala a kan yatsa aka ƙwanƙwasa ta da wata, azurfa takan yi ƙara siririya mai daɗewa. Darma kuwa, wadda ta fi azurfa nauyi, amonta a mace yake.

Na uku shi ne baki. Dalar gaskiya bugawa ake yi da inji, kuma a kewayen bakinta akwai rubutu mai tudu. Jabu yawanci zubi ne: akan ga layin haɗi a bakinsa, da ƙananan ramuka a fuskarsa, rubutunsa kuma a dushe. Mayen ƙarfe ba ya kama azurfa, amma tun da ba ya kama tagulla da darma, shaidarsa ita kaɗai ba ta isa ba.

Game da sule, na Afirka ta Yamma da aka fara bugawa a 1913 azurfa ne, amma daga 1920 aka koma bugun farar tagulla. Wanda ya riƙe na baya ba jabu ya riƙe ba, sai dai ba azurfa ba ce.

Baƙin da yake hawa tsohuwar azurfa ɗabi'arta ce, ba a kankare shi da yashi ko wuƙa, domin hakan yana rage mata daraja. Wanda zai saya ko zai sayar, ya je wurin maƙerin fari da aka yarda da shi, a auna a gabansa, a gwada da dalar da ba a shakka a kanta. Gani ya kori ji, amma a sha'anin azurfa, awo ya kori gani.