3.4 Shinge da Itatuwa a Matsayin Kariyar Amfanin Gona Daga Ƙwari

Manoman Gusau da Tsafe da Bunguɗu sun daɗe suna kewaye lambunansu da shinge mai rai, musamman a fadamun da ke bakin kogin Sakkwato. Abin da aka fi dasawa shi ne aguwa da cini-da-zugu da lalle, a wasu wuraren kuma akan jera dogon-yaro. Manufar farko ita ce tsare dabbobi da nuna iyakar gona, amma shingen yana da wani aiki na biyu da ba a cika ambata ba, wato rage ɓarnar ƙwari.

Wannan aiki ta hanya biyu yake gudana. Da farko, shinge mafaka ce ga halittun da ke cin ƙwari, irin su gizo-gizo da ƙadangare da hawainiya da ƙananan tsuntsaye. Daga cikinsa suke fita su tsince tsutsa da fara a jikin tumatir da albasa. Gonar da aka share ƙarƙaf ba ta bar musu wurin zama ba. Haka abin yake a gonakin inabi na yankin Bodo a Faransa, inda manoma ke sake dasa shinge domin ƙananan jemagu su zauna su cinye faɗa-wutar da tsutsarta ke lalata 'ya'yan inabi.

Hanya ta biyu ita ce itacen kansa. Dogon-yaro, wanda asalinsa daga Indiya yake, an shigo da shi Nijeriya ta Gana a 1928. Ƙwallonsa yana ɗauke da sinadarin azadiraktin, mai hana ƙwaro cin abinci da girma. Akan daka ƙwallon a jiƙa a yayyafa wa shuka, ganyensa kuma akan shimfiɗa shi a rumbu tare da wake. Muhimmancin wannan ya fito fili a 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari na kanti da aka samu a jikinsa.

Sai dai manomin gero da dawa yana da nasa ƙorafin, kuma yana da hujja. Itacen da ya tara tsuntsu mai cin tsutsa shi ne kuma masaukin jan-baki, wanda garkensa ke cinye zangarniya kafin girbi. Saboda haka shinge ya fi karɓuwa a lambun kayan miya da na mangwaro, a gonar hatsi kuwa sau da yawa akan sassabe shi kafin damina.