Kalmar Cin Gizo-gizo: Asalinta da Yadda Za a Faɗe Ta da Hausa

Malamin da ke koyar da ilmin halittu da Hausa yakan ci karo da kalmar arachnophagy, wadda Turawa suka ƙera daga tsohon harshen Girka. Gaɓarta ta farko, arachne, ita ce gizo-gizo. Ta biyu kuwa daga phagein ta fito, wato ci. A tatsuniyar Girkawa, Arachne sunan wata gwanar masaƙiya ce da ta yi gasar saƙa da wata abar bautarsu, aka mayar da ita gizo-gizo. Ashe ba Bahaushe kaɗai ya dubi yana ya ga saƙa ba.

Kalmar dai baƙuwa ce, amma abin da take nufi yana nan cikin zaurukan Daura. Duk wanda ya taɓa fasa ɗakin laka da zanzaro ya gina a kusurwar bango ya san abin da ke zubowa: ƙananan gizo-gizo a cushe, ba su mutu ba, ba su kuma motsi. Uwar ce ke harbinsu da dafi su sandare, ta yi ƙwai a kansu, ta liƙe bakin ɗakin. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe ita ke cinye su, uwar kuwa ruwan fure take sha. 'Yan Adam ma sukan ci, domin a garin Skuon na ƙasar Kambodiya ana soya manyan gizo-gizo a sayar a kasuwa.

To, yaya za mu kira wannan ɗabi'a? A ganina "cin gizo-gizo" bai wadatar ba, saboda harshen damo gare shi: ana iya fahimtar gizo-gizon ne ke ci, kamar yadda "cin wuta" yake nufin ɓarnar da wuta ta yi. "Cin Gizo" ya fi muni, don ɗalibi zai zaci an yi galaba ne a kan mijin Ƙoƙi.

Hausa tana da tsarin da ya kawar da wannan ruɗani, wato harɗa aikatau da karɓau, kamar ci-rani da sha-zumami, inda ba a shakkar wanda ya yi aikin. Bisa wannan tsari sai a ce tsutsar zanzaro ci-gizo-gizo ce. Tana da ɗan tsawo a baka, amma ba ta kai ta Girkawan ba.