Jirgin Sama Na Boge: Yadda Ake Gano Saƙon Ƙarya A Sararin Samaniya

Ɗan kasuwar da ya tashi daga Yamai zuwa Dubai saro kaya, da maniyyacin da ya nufi Jidda, lafiyarsu duka na rataye da wani saƙon rediyo da kunne ba ya ji. Sunan tsarin ADS-B. Jirgi kan san inda yake ta hanyar taurarin ɗan'adam na GPS, sa'an nan ya riƙa shelanta sunansa da wurin da yake da nisansa daga ƙasa, kusan sau 2 a kowace daƙiƙa, a kan zangon megahaz 1090. Ma'aikatan hasumiya na kamawa su raba wa jirage hanya.

To amma ga inda gizo ke saƙar: saƙon ba shi da hatimi, ba shi da makulli. Kowa na iya sauraro, mai kayan aiki kuma na iya kwaikwayo. A shekarar 2012, a wani taron masana tsaron kwamfuta a Las Begas ta Amurka, mai bincike Andrei Costin ya nuna cewa da ƙaramar na'urar rediyo ana iya ƙirƙiro jirgin da babu shi. Haka kuma ana iya ruɗa jirgin gaske. A watan Satumbar 2023, jirage da dama sun rikice a sararin Iraƙi kusa da iyakar Iran, bayan sun kama siginar GPS ta jabu.

Maganin da masana suka kama 'yan kasuwa sun san shi: ba a sayen buhu don rubutun jikinsa, sai an ɗora shi a sikeli. Akan gwada saƙon da abin da na'urar rada ta hango. Akan kuma kafa tashoshi a wurare daban-daban, a auna lokacin da saƙon ya isa kowace ɗaya, ta haka a gano ainihin inda ya fito. Idan ya ce daga sama yake alhali daga ƙasa ya taso, asiri ya tonu. Sanya wa saƙon hatimin sirri kuwa babban aiki ne, domin sai an gyara na'urorin dubban jirage.

A Nijar da Chadi da Kamaru, hukumar ASECNA ce ke kula da zirga-zirgar jirage, kuma makarantarta ta EAMAC da ke Yamai ce ke horar da ma'aikatan hasumiya. Idan allo ya nuna abin shakka, su ne ke kiran matuƙi baki da baki su tabbatar.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo da su da riba.