Tsawon wane lokaci soja ke ɗauka kafin ya warke daga firgicin yaƙi?

Babu wa'adi guda da ya dace da kowa. Yawancin sojojin da suka ga tashin hankali a fagen daga kan yi fama da rashin barci, munanan mafarkai da yawan zabura, amma alamun kan lafa cikin 'yan makonni. Sai sun zarce wata guda suna hana mutum harkokinsa ne likitoci ke kiran matsalar PTSD, cutar da Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta amince da ita a hukumance a 1980.

Wasu kuwa sukan daɗe ƙwarai. Binciken da gwamnatin Amurka ta sa aka gudanar, wanda ya fito a 1988, ya gano cewa kimanin kashi 15 cikin 100 na mazan da suka yi yaƙin Biyetnam na ɗauke da cutar, fiye da shekara goma bayan an tsagaita wuta. Akwai ma waɗanda ba ta bayyana sosai a kansu sai bayan wata shida ko fiye, wani lokaci bayan sun yi ritaya.

Komawa fagen fama a kai a kai, raunin jiki, shaye-shaye da rashin mai sauraro a gida duk suna jinkirta waraka. Tsoron a ce soja rago ne shi ma yana yin ɓarna, domin yakan hana shi neman taimako.

Maganin da aka fi amincewa da shi, wato tattaunawa da ƙwararre kan abin da ya faru, yakan ɗauki zama 8 zuwa 16, kusan wata uku zuwa huɗu. Da yawa na samun sauƙi, wasu kuma sai an ƙara musu lokaci ko an haɗa da magunguna.

Batun ya shafi Najeriya kai tsaye, inda dakaru ke fafatawa da Boko Haram a Arewa maso Gabas tun 2009.