'Sansana' ko 'Lalube': Yadda Bakteriya ke Neman Abinci da Matsalar Faɗarsa da Hausa

1.0 Gabatarwa

A mayankar Oko-Oba da ke Agege, inda fataken shanu da mahauta Hausawa suka daɗe suna sana'a, ruwan da aka wanke kayan ciki da shi yakan tafi da bakteriyar da ake kira Escherichia coli, wadda mazauninta hanjin dabba ne da na mutum. Tsawonta kimanin kashi 2 ne cikin 1000 na milimita. Ba ta da ido, ba ta da hanci, amma takan kai kanta inda abinci ya fi yawa. Mai fassara yakan yi saurin cewa 'sansanawa' take yi. Wannan maƙala za ta duba dacewar kalmar.

2.0 Yadda tafiyar take

A jikin ƙwayar akwai 'yan zarurruka masu juyawa kamar farfela. In suka juya ta fuska ɗaya, sai su tufke wuri guda, ta miƙe da iyo na kimanin daƙiƙa ɗaya. In suka juya ta ɗaya fuskar, sai tufkar ta warware, ta wuntsila, ta fuskanci wani gefe ba da zaɓinta ba. Howard Berg da Douglas Brown ne suka bayyana wannan salon iyo da wuntsilawa a Amurka cikin 1972. A shekarar kuma Macnab da Koshland suka nuna cewa lokaci take kwatantawa, ba wuri ba. Wato tana gwada yawan sinadarin abinci, kamar sukari, da take ji yanzu da wanda ta ji 'yan daƙiƙoƙi da suka wuce. In ya ƙaru, sai ta jinkirta wuntsilawa. In bai ƙaru ba, ta wuntsila kamar yadda ta saba. Da haka ake matsawa, ba tare da an san inda aka dosa ba.

3.0 Zaɓen kalma

Mai sansanawa yakan juya hanci ya doshi inda ƙanshi ke fitowa, abin da ƙwayar ba ta iyawa. 'Lalube' ya fi kusa, domin mai lalube cikin duhu bai san hanya ba sai abin da hannunsa ya taɓa. Sai dai kalmar ba ta ƙunshi tunawa da abin da ya gabata ba, alhali nan ne gishirin maganar. Don haka 'lalube da gwaji' zai fi yi wa ɗalibi amfani.